Baƙuwar Barikisu

Ruwan farko ya sauka a Asawase daren Laraba,
kwanon rufi ya kwana yana ganga.
Da na idar da asuba na zaga bayan gida,
ɗan filin nan tsakanin makewayi da katangar Anti Konadu.
Taku tara ne tsawonsa, na sha aunawa.

Nan Barikisu ta tsuguna shekara talatin da ɗoriya
da guntuwar adda mai ƙotar roba.
Bara cikin azumi ta tafi.
Ta bar mini makullin akwati, ta bar mini bashin gawayi,
ba ta bar mini sunayen ba, ga su kuma suna ta tsirowa.

Mako biyu, ƙasa ta yi kore shar.
Na san kuɓewa, na san yakuwa da jan ƙaurinta,
na san tafasa, don da warinta take gaisuwa.
Sauran fa?
Ni tela ne. Miƙo yadi, ko a duhu na faɗa maka kuɗinsa.
Amma wannan mai ganye kamar kunnen ɓera,
da waccan mai gashi a kara,
wacce aka shuka, wacce ce ciyawa?

Na ɗaga adda, hannu ya ƙi sauka.
In na sare irin da ta ƙullo a bakin zane tun daga Bawku fa?

Anti Konadu ta leƙo ta kan katanga,
kumfar wanki har gwiwar hannu.
Ta ce, "Mai jan furen nan bokoboko ne,
sai rana ta karkata yake buɗe ido, a miya yake ƙarewa.
Na gindin randa kuwa nunum."
Na murza, na kai hanci.
Ashe ɗoɗɗoya ce ta ari sunan Asante,
kamar yadda mu ma in an kira mu a kasuwa muke amsawa.

Na tuge uku da saiwarsu, na naɗe a tsohuwar jarida,
na kai wa Malam Mutawakilu mai sassaƙe.
Ya karya ta farko, farin ruwa ya fito:
"Nonon kurciya."
Ta biyu ko taɓa ta bai yi ba:
"Ƙashin yawo. Bari ya bushe, wandonka zai ba ka labari."
Ta ukun ya juya, ya ɗanɗana, ya tofar,
ya daɗe yana susar gemu.
"Ba na yi wa ganye ƙarya," in ji shi.
"Ni da ita yau muka fara haɗuwa."

Jikata Fuseina ta ɗauke ta hoto.
Wayar ta kawo suna mai tsawon layin mota a Kejetia,
washegari ta sake wani,
ni ko na farkon ban gama tauna ba.

Ita dai ba ruwanta.
Furenta shuɗi, bai kai maɓallin riga ba,
da hantsi ta buɗe,
kafin ladan ya gyara murya don azahar ta gama rufewa,
kamar mai shagon da ba riba ta fito nema ba.

Ranar Asabar akuyar liman ta tsallako.
Ta bi ta kan yakuwa, ta shinshina bokoboko,
ta miƙe kai tsaye ta cinye baƙuwar har ƙasa.
Dabba ta san abin da malam da waya suka kasa,
ta kuma fice ba ta gaya wa kowa.

Na yi fushin da ban san ina da shi ba.
Kwana uku ban zaga baya ba.
A na huɗu na tarar da tofo biyu a gurbin ɗaya.

Na kafa mata kara, na ɗaura ƙyalle,
ragowar shuɗin yadin da na ɗinka wa Barikisu na sallar ƙarshe.
Da alwala ta rage a buta, nan nake juyewa.
Anti Konadu tana dariya: "Tela na shayar da ciyawa."
Ta yiwu.
Amma ni a zango aka yanke mini cibiya,
kuma a gidanmu ba a tambayar baƙo sunansa
sai ya sha ruwa.